Da Muka Guji Askar Muntaka

Muntaka wanzami ne, ɗan wanzami. A ƙauyenmu, Kwarin Gawo, tsakanin Bici da Bagwai, mahaifinsa ne ya yi wa kusan dukkanmu askin suna, da ya rasu kuma zabirar ta dawo hannun ɗansa. Ni Sama'ilu sa'ansa ne. Darni ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu, gonakinmu ma iyakarsu ɗaya. Abin da zan faɗa a nan yawancinsa da idona na gani, wani kuma ni na aikata shi.

Dogo ne siriri, marar yawan magana. Hannunsa ba nauyi, har mutum kan yi gyangyaɗi yana yi masa gyaran fuska. Da damina yana gona kamar kowa, da rani kuma ya rataya zabira ya bi kasuwanni. Aski nasa ne, ƙaho nasa ne, kaciyar yara da askin jarirai ma nasa ne. Matarsa Hure daddawa take yi, kuma babu gidan da ba a san ƙamshin tata ba. 'Ya'yansu uku.

Sai shekarun fari suka shigo. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa daidai lokacin da gero ya yi ciki. Rumbuna suka zama wofi, magidanta suka watse zuwa Kano da kudu, waɗanda suka rage aka koma kan kwaki da tafasa. Ana cikin haka ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauki yara bakwai, cikinsu har da Hafsatu, autar Muntaka, wadda ba ta cika shekara huɗu ba.

Bai yi kuka ba. Aka yi sadakar uku ya koma bakin aiki, muka yi ta yaba masa haƙuri. Bayan kamar wata biyu ne ya fara canzawa. Mutumin da sai an ja shi yake magana ya zama ba ya barin kowa ya sa baki. Ya ce shi ya gano maganin fari, zai haƙa hanyar ruwa daga dam ɗin Watari har bakin gonakinmu, fartanya goma kawai yake nema. Muka yi dariya. Ya kyautar da rigarsa ta Juma'a. Ba ya iya zama, ko a masallaci ana sallamewa ya miƙe. Hure ta gaya wa matata Rahmatu cewa ya yi kwana tara bai runtsa ba, kuma bai ce ya gaji ba.

Ranar kasuwar Bici abin ya fito fili. Yana yi wa Mati mai jakai aski, ya aske gefe ɗaya, sai ya tsaya ya ɗaga kai. Ya ajiye askar a kan tabarma, ya ce yana jin ƙarar ruwa daga gabas, ya tashi ya kama hanya. Rani ne tsakiyarsa, ko gajimare babu. Sai bayan kwana biyu aka same shi kusa da Watari, ƙafafunsa sun kumbura, yana tona ƙasa da hannu.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma kafin 'yan kasuwa su dawo gida da yamma, labari ya zama ya yanke wa Mati kunne. Kafin mako ya zagayo an ce maƙogwaro ya nufa, mutane suka riƙe shi. Mati kuwa a makon ya sayar da jakunansa ya tafi kudu neman abinci, babu wanda zai ƙaryata.

Kowa ya kawo nasa dalilin. Wasu suka ce iskokin bakin ruwa ne. Wasu suka ce sammu ne, wani wanzami ya jefe shi don ya gaji kasuwarsa. Akwai wanda ya rantse shaye-shaye ne, alhali Muntaka ko taba bai taɓa sawa a baki ba. Tsofaffin mata suka tuno wata gwaggonsa da ta rasu tun ba a haife mu ba, suka ce ai a jininsu yake. Wani kuma ya ce ƙarancin tawakkali ne, shi kaɗai aka yi wa rasuwa?

Baffanninsa suka ɗauke shi suka kai shi wurin wani mai magani can gaba da Bagwai. Aka sa masa mari a ƙafa, ana yi masa hayaƙi safe da yamma, in ya yi gardama a sa bulala, wai ba shi ake duka ba, mutanen kansa ake duka. Hure takan tafi a ƙafa duk bayan kwana uku da ɗan abin da ta samu. Da ya yi wata guda a can, ta same ni a gona ina haɗa kara. Ba ta taɓa tsayawa da ni a waje ba sai ran nan.

"Malam Sama'ilu, in aka bar shi a can mutuwa zai yi."

Na ce ai baffanninsa sun fi mu sanin abin da ya dace.

"Ƙarfen ya ci masa ƙafa har ƙuda na bi," in ji ta. "Jiya bai gane ni ba. Na biya ɗakin shan magani na Bagwai neman abin da zan shafa masa, malamin asibitin, Malam Abdussalam, ya tambaye ni abin da ya same shi. Ya ce wannan ciwo ne, kuma akwai asibitinsa a Kano. Ni mace ce, ba za su ba ni shi ba. Kai za su ba ka."

Kwana biyu ina kai-kawo da maganar a zuciyata. Ran na uku na je na ga ƙafar da idona, daga nan ban ƙara neman shawarar kowa ba. Muka yi ta ja da baffanninsa har suka ce in je, in ya mutu a hannuna ne. Ni na goya shi zuwa bakin titi, muka shiga a-kori-kura, mutanen cikin motar duk suka matsa gefe guda.

Mako shida ya yi a asibitin. Ranar da za a sallame shi likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda wani kan kamu da hawan jini. Ya ce wasu jikinsu na ɗauke da shi, sai baƙin ciki da yunwa da rashin barci su tayar da shi. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta zama wuri ɗaya. Ya ce a ci gaba da addu'a, amma ƙwayar nan kada ta yanke, kuma duk wata a dawo.

Hure ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, zai iya komawa sana'arsa? Wanzami ne."

"In yana shan magani yana samun barci, me zai hana?"

Ya dawo gida ya yi ɗan ƙiba, maganarsa ta koma yadda muka san ta. Da farko hannunsa na ɗan rawa, da ya koma aka rage masa maganin sai rawar ta daina. A lokacin ne ya yi kukan Hafsatu, ya yini a zaure yana yi, Hure ta ce a ƙyale shi.

Juma'ar da ta biyo baya ya wasa asakensa, ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar da ke gaban masallaci, inda mahaifinsa ya saba zama. Ya ajiye ƙoƙon ruwa da sabulu. Tun hantsi yake zaune har aka yi kiran farko. Mutane suna wucewa da gashi buya-buya a kansu, su ɗaga masa hannu daga nesa.

"Sarkin aska, ya jiki?"

"Jiki alhamdu lillahi. Bismilla mana."

"A'a, sauri nake yi."

Haka Juma'a ta biyu, haka ta uku. Mata ma suka daina aikowa sayen daddawa, wasu suka hana 'ya'yansu shiga gidan. Hure ta koma ba wata tsohuwa tana kai mata kasuwar Bici a sayar ba tare da an faɗi mai ita ba.

Da ya ga haka sai ya fara tafiya nesa, inda ba a san shi ba. Yau Tsanyawa, jibi Kunci, wani makon Shanono. Ya fita bayan sallar asuba a ƙafa, ya dawo yamma lis. A baƙuwar kasuwa yakan aske mutum biyu ko uku lafiya, sai wani ɗan yankinmu ya gifta ya gane shi, ya raɗa wa na kusa da shi. Ya ba ni labarin wani da ya zabura da kumfa a ka, ya bar hularsa a kan tabarma bai dawo ɗauka ba. Kasuwar nan ta mutu masa ke nan, sai ya nemi wata.

Tafiyar ma ba ta tsira daga bakin mutane ba. In an gan shi a hanya sai a ce, kun gani, yawon ya dawo. In ya zauna shiru a ƙofar gida a ce ai shirun nan ba na lafiya ba ne. Ya yi dariya a majalisa, a dubi juna. Wata rana akuyar wani ta cinye masa wake ya ɗaga murya kamar yadda kowane manomi zai yi, kafin la'asar an aika wa baffanninsa cewa ciwon ya tashi.

Ni kuma fa? Ina zama da shi, ina cin tuwo da shi a kwano ɗaya, ina musu da masu cewa ana ɗauka. Amma in gashina ya taru sai in ce ina da uzuri a Bagwai, in hau keke, in dawo da kai fes in ja hula har goshi. Na san abin da likita ya ce, a gabana ya faɗa. Duk da haka in na tuna aska a wuyana, sai in tuna shi yana tona ƙasa da hannu.

A cikin wannan hali Rahmatu ta haifi ɗa namiji. Tun ana kwana uku mahaifiyata ta kira ni ɗakinta.

"Kada ka kuskura ka ɗora wa yaron nan askar Muntaka a ka."

"Inna, ai ya warke."

"Wanda ya warke ne yake zuwa Kano duk wata? Na gaya maka."

Ban ja da ita ba, kuma gaskiya ban so in ja ba. Na aika Bagwai aka ɗauko wani wanzami. Ban gaya wa Muntaka ba, na yi ta cewa gobe zan gaya masa har ranar ta zo. Da safe bayan an raɗa suna sai ga shi da zabira a kafaɗa, ya sa wankakkiyar riga. Ya shigo zaure ya ga baƙon wanzami yana jiƙa sabulu. Ya tsaya kaɗan. Sannan ya sauke zabirar ya tura ta bayansa, ya zauna a kanta kamar matashi, ya karɓi goro, aka shafa fatiha da shi. Ya ce Allah ya raya, ya fita. Ran nan bai kwana a gida ba, ya wuce kasuwar da ban ma san sunanta ba.

Bayan sunan ne ya daina shan maganin. Bai gaya wa kowa ba. Ya ji ana ta cewa mai lafiya ba ya haɗiyar ƙwaya kullum, sai ya ƙudura zai nuna mana ya warke. Wata biyu ya yi ƙalau. A na uku barci ya fara guje masa, magana ta fara yawa. Wannan karon Hure ba ta jira kowa ba. Ta zaunar da shi ta tambaye shi, ya fito mata da ƙwayoyin daga cikin tsohon ƙahonsa. Shi da kansa ya ce a kira ni.

Na ɗauke shi a keke zuwa bakin titi. Yana bayana ƙafarsa sai karkaɗawa take, yana ta magana a kan taki da iri da ruwan bana. Muna hawa wani tudu sai ya katse maganar ya ce:

"Sama'ilu."

"Na'am."

"Kai ka ciro ni daga mari. A bayanka ka goya ni, ina wari. Amma kanka ya fi ƙarfin ka ba ni."

Na ci gaba da tuƙi.

"Ba faɗa nake maka ba," in ji shi. "So nake in san ko akwai abin da likita ya gaya maka a bayan idona."

Na ce wallahi babu.

"To shi ke nan. Tsoro ne kawai."

Mako biyu ya yi wannan karon. Likita bai yi masa faɗa ba, ya ce da yawa sukan yi haka, kuma yawanci saboda bakin mutane ne. Daga nan bai ƙara barin maganin ba har ƙarshen ransa.

Damina ta uku ruwa ya zauna, masu cin rani suka fara dawowa, cikinsu har da Mati. Kwana biyu da dawowarsa ya lura duk inda ya zauna ana leƙen gefen kansa. Da ya ji dalili sai ransa ya ɓaci. Mati mutum ne mai zafi da ƙatuwar murya. Ranar Juma'a ya zo gindin ɗorawa, ya cire hula ya jefar a kan tabarmar Muntaka, ya kama kunnuwansa biyu ya ja su.

"Ga su nan! Wanne ne aka yanke? Wa ya gani? Ya fito ya faɗa a gabana!"

Ya saki kunnuwan ya ci gaba.

"Mutum ya ajiye askarsa a ƙasa ya tafi. Ko ƙwarzane bai yi mini ba. Abin da ya yi mini kawai shi ne na shiga gari da rabin kai ana mini dariya." Ya zauna dirshan ya miƙa wuya. "Sarkin aska, bismilla. Yau dai ka gama."

Mutane suka taru kamar ana wasa. Muntaka ya jiƙa kan, ya ja askar a fata sau uku, ya fara. Hannunsa bai yi rawa ba, amma na ga gumi na bin wuyan rigarsa. Da ya gama Mati ya shafa kansa ya miƙe ya shiga masallaci. Na ji wani a bayana yana cewa Allah ne dai ya kiyaye. Duk da haka Juma'ar da ta biyo mutum biyu sun zauna.

Ni ban iya zuwa ranar Juma'a ba. Wata Talata da hantsi, kowa yana gona, na leƙa zaurensa na ce ko yana da sarari. Ya shimfiɗa tabarma. Ya aske kan, ya zo gyaran fuska, ya ɗaga haɓata da yatsa biyu ya ɗora askar a ƙarƙashinta. Sai ya dakata.

"Jijiyar wuyanka sai bugawa take kamar ta ɗan tsako."

Na ce rana ce.

"A zaure?" Ya janye askar ya riƙe ta a gefe. "In ba ka shirya ba tashi, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Ni ma da aka sallamo ni na yi wata guda ina tsoron hannuna. A kan ƙwarya na yi ta gwadawa."

Na ce ya ci gaba. Ya ci gaba, a hankali, yana ba ni labarin irin dawar da ya gani a Kunci. Da ya gama na nemi gafararsa a kan ranar suna. Ya ce ya yafe, amma ya ji zafi, kuma ba zai ce bai ji ba.

Bai taɓa samun duk mutanensa ba. Kamar rabi suka dawo, su ma manya ne. Kaciya ta bar hannunsa gaba ɗaya, jarirai kuwa in ka cire 'ya'yana biyu na baya da na Mati, ban san wani da aka ba shi ba. Daddawar Hure ta dawo da kasuwarta, don babu mai yin irinta. Shi kuma tafiyar ta zame masa jiki, ko da ya samu masu zama a gida bai daina bin kasuwannin nesa ba. Ya yi shekara goma sha huɗu a haka, ciwon ya ɗan motsa masa sau biyu, kowane karo shi yake fara ganewa ya ce wa Hure ta haɗa masa kaya. Ciwon ƙirji ne ya yi ajalinsa, a wata damina.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, matar wani maƙwabcinmu Mika'ilu ta haihu, bayan suna ta daina magana, ta ƙi karɓar jaririn, sai kuka. Aka fara maganar iskoki da mai magani. Mika'ilu ya bi Muntaka har gona don kada a gan shi a ƙofar gidansa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya tambayi wace mota ake shiga zuwa asibitin Kano. Muntaka ya ajiye fartanya ya ce kwatance ba zai yi ba, shi zai raka su. Ya kai su, ya nuna musu inda ake karɓar kati, ya zauna da Mika'ilu a kan benci har aka duba ta. Bayan wata biyu matar ta dawo tana goyon ɗanta. Da kaka Mika'ilu ya aiko masa da damin dawa. Amma aski, Bici ya ci gaba da zuwa.

Na tambayi Muntaka ko abin bai ɓata masa rai ba. Muna bakin rijiya, yana wanke ƙafa.

"Ya ɓata mana," in ji shi. "Amma yarinyar tana cin abinci, an ce har ta fara surfe." Ya sa takalmansa ya miƙe. "Ara mini kekenka gobe. An buɗe wata sabuwar kasuwa gaba da Tsanyawa, ina so in je in gani."